Hitar da Aka Sayo Don Jegon Sa'adatu

Assalamu alaikum. Sunana Rabi, a Kuru nake zaune da maigidana da 'ya'yana. Na daɗe ina son in faɗi abin da ya sami ƙanwata Sa'adatu, amma duk sanda na ɗauko sai in kasa. Abin da ya tilasta min yanzu shi ne, kwanan baya na je barka gidan wata mai jego, na nemi in kama ruwa, ina tura ƙofar banɗakinta na ga irin hitar nan ta gas a maƙale a bango, taga kuma a toshe da kwali. Ban iya shiga ba. Na dawo falo na zauna, na ba su labarin nan tun daga farko. Shi ne ku ma zan ba ku.

Mu biyu mahaifiyarmu ta bari, ni da Sa'a, kuma ni na ƙarasa rainonta. Ta auri Nasiru, tela a kasuwar Laranto da ke Jos, mutum mai sanyin hali wanda ba ka jin muryarsa sai ka matso. Sun yi shekaru babu haihuwa, har masu tambaya suka gaji suka daina, sannan Allah ya kawo rabo. Ta sauka lafiya a watan Agusta, namiji. Da yake babu uwar da za ta je wa wankan gida, sai na baro yarana na tare a wajenta, ni da Gwaggo Ladi ƙanwar babanmu. Ciwon gwiwa ya hana Gwaggo aikin ƙarfi, amma idonta da bakinta suna nan daram.

Wanda ya san Jos a Agusta ya san abin da nake nufi. Yayyafi ake wuni ana yi, rana ba ta leƙowa, wanki ya yi kwanaki a igiya bai bushe ba. Gidansu haya ne a saman bene, babu tsakar gidan da za a kafa murhu, itace duk a jiƙe, wutar lantarki kuwa sai an ga dama. Tun cikin yana wata takwas Nasiru yake tunanin ruwan wankan jego, safe da yamma, har a yi arba'in. Sai ya sayo hitar gas ta hannu, irin kayan da ake kawowa daga waje, ya kira mai aikin famfo ya maƙala ta a cikin banɗakin, aka ja mata tiyo zuwa silinda.

Ranar da na iso ya ja ni ya nuna min, yana murmushi kamar yaro. "Yaya, kin huta da hura wuta. Nan kawai za ki murɗa, ruwan zafi ya yi ta zuwa."

Na sa masa albarka, don na ga ƙoƙarinsa.

Gwaggo ta sa hannu a ruwan ta taɓe baki. "Wannan bai kai na garwa ba. Ku ƙure shi, ku bar shi ya yi ta zuba har tururi ya cika wurin." Ta ɗaga kai ta ga 'yar tagar da ke sama. "Mai jego da taga a buɗe a garin nan? So kuke sanyi ya shige ta, ta ƙare rayuwarta da ciwon ƙashi?"

Nasiru ya samo kwali da leda ya toshe tagar, muka cusa tsumma a ƙarƙashin ƙofa. Babu wanda ya ce a'a. Dukanmu gata muka ga muna yi mata.

A makon farko ni nake shiga da ita. In kunna hitar, in tara ruwa a babban baho, in jefa ganyen dogonyaro, in yi ta fyaɗa mata, hitar tana ci a saman kanmu don kada ruwan ya huce. Jaririn kuwa Gwaggo ce ke masa wanka a ɗaki da ruwan bokiti, kuma wannan ne ya tsirar da shi, ko da yake a lokacin ba mu sani ba. Duk fitowar da za mu yi, Sa'a sai ta dafa bango.

"Yaya, kaina. Kamar an ɗaure min shi da igiya ana ja."

Ni ma nawa kan yana min nauyi, amma na ɗora wa tururi da rashin barci. Gwaggo ta ce haka wankan jego yake, alama ce yana ratsa jiki, ta dama mata kunun kanwa ta ce ta sha ta kwanta.

Ranar suna aka sauko da silindar ƙasa don girki, saboda haka da ruwan tukunyar masu abinci aka yi mata wanka, a gurguje. Wunin ranar ras take. Ta yi kwalliya, ta yi ta dariya da ƙawayenta, ta ci tuwo sosai. Yaro ya ci sunan Abdullahi. Muka ce alhamdu lillahi, jiki ya fara dawowa.

Bayan suna aka koma wanka kamar da, ciwon ya dawo da ƙarfinsa. Yanzu har da amai da jiri, ga zuciyarta tana bugawa har ana ganin rigarta na motsi. Nasiru ya je kemis aka ba shi maganin maleriya. Ta shanye, babu canji. Muka ɗauki keke zuwa wani ƙaramin asibiti, muka karɓi kati, muka zauna a baranda tun safe har aka kira azahar. Abin da ya ruɗe mu shi ne, kafin layi ya zo kanmu ta warware, har tana yi wa jaririn wasa. Aka auna jininta aka ce bai hau ba. Aka ɗebi jini aka ce akwai ɗan taifod. Wanda ya duba ta ko kai bai ɗago sosai ba, mutane sun yi masa yawa. Ban ga laifinsa duka ba, amma da ya tambaye mu wane lokaci ciwon ke zuwa, da mun faɗa masa.

A mako na uku dangi suka shigo da shawarwari. Wata ta ce jini ne ya ragu, a ba ta hanta da alayyahu. Wata ta ce kambun baka ne, an daɗe ana jiran haihuwar nan, ido ya yi mata yawa ranar suna. Yayar Nasiru ce ta lura da abin da mu muka kasa lura da shi, sai dai ta kai shi wani wurin.

"Kun ce daga banɗaki take fitowa da ciwon? To ai magana ta fito. Iska ce. Mai jego jikinta a buɗe yake, banɗaki kuwa kun san na su waye."

Aka kira malami ya yi ruƙiyya, aka kawo rubutu, aka kawo wasu saiwoyi aka ce a zuba a ruwan wanka, ta daɗe a ciki tururin ya shige ta. Ban raina addu'a ba, har gobe da ita nake rayuwa. Amma wannan shawara ta a ƙara daɗewa, ita ta kai mu inda muka je.

Wata safiyar Talata aka kira ni daga Kuru cewa autata tana zazzaɓi. Na ce wa Sa'a ta jira ni, da yamma zan dawo mu yi wankan. Ta ce, "Haba Yaya, ai na iya. Je ki duba 'yarki." Ina cikin mota ban ma kai gida ba Gwaggo ta kira, ba na gane abin da take faɗa saboda kuka.

Daga baya ta ba ni labari. Sa'a ta shiga ta sa sakata. Gwaggo tana jijjiga Abdullahi tana jin ruwa na zuba, ta ce yarinyar nan yau ta daɗe, amma ai an ce ta daɗe ɗin. Sai da ta ga ruwa ya ɓullo ta ƙarƙashin ƙofa ya jiƙa ledar ɗaki. Ta buga, shiru. Ta yi ihu, maƙwabta suka hauro suka ɓalle ƙofar. A ƙasa suka same ta, kanta jingine da baho, hitar tana ci. Mutumin da ya shiga ya ɗauko ta, da ya fito sai da ya zauna a matakala, ya ce duniya ke juya masa.

Na same su a ɓangaren gaggawa na babban asibiti. Tana kwance ba ta san wanda ke kanta ba, Nasiru yana tsaye da silifas wari da wari, tef ɗin awo yana rataye a wuyansa. Wata likita ce ta karɓe ta, matashiya, ba zan manta fuskarta ba. Ta yi ta tambayoyi, Nasiru yana amsawa a rikice. Da ta ji ni nake mata wanka sai ta juyo.

"Hajiya, ke ma kina ciwon kai?"

Na ce ina yi, amma nawa na gajiya ne.

"Idan kin fita waje yana sauka?"

Sai a lokacin na tuna barandar ƙaramin asibitin, na tuna ranar suna. Na ce yana sauka.

"Da me kuke dafa ruwan?"

Nasiru ya faɗa mata. Ta tambayi ko hitar tana da bututun da ke fitar da hayaƙi waje. Ya ce akwai wani rami a samanta, ya tambayi mai sayarwa ya ce masa, oga, wannan sai ƙasashen Turawa, nan ba a buƙata. Ta tambayi taga. Na ce mun toshe ta.

Nan take ta sa aka kawo oksijin aka rufe wa Sa'a hanci da baki. Sannan ta yi mana bayani a tsaye, da sauri. Ta ce sunan abin kabon monoksaid. Ba shi da wari, ba shi da launi, ba ya sa tari. Ba gas ɗin silinda ba ne da hanci ke ji idan yana yoyo, wannan wutar ce da kanta ke haifar da shi idan tana ci a wurin da iska ba ta isar ta. Yana shiga jini ya kama wurin iskar da jiki ke rayuwa da ita. Maganarta da ta zauna min har yau ita ce, "Jininta yana yawo, amma ba ya kai wa ƙwaƙwalwa komai."

Gwaggo da aka faɗa mata, ta zame daga benci ta zauna a ƙasa.

Wannan makon ban san yadda ya wuce ba. Kowace takarda aka miƙo sai an je an biya kafin a taɓa mara lafiya, wurin biya a can wani gini, ruwa na dukanka kana bin layi. Sau ɗaya oksijin ya ƙare, Nasiru ya yi ta gudu daga wannan ofis zuwa wancan, wata nas ta daka masa tsawa wai ba matarsa kaɗai ce a asibitin ba. Amma wata nas ɗin ce kuma ta je da ƙafarta ta gungaro wata tukunyar daga wani ɗaki. Allah ya saka mata, ban ma san sunanta ba.

Washegarin ranar da aka kawo ta, da la'asar, Sa'a ta buɗe ido. Abin da ta fara cewa shi ne, "Ina yaron?" Nasiru ya fita waje ya yi sujada a kan siminti. Aka riƙe ta kamar mako guda aka sallame mu. Likitar ta tare mu a ƙofa ta ce mu sa mata ido sosai, wani lokaci abin yakan lafa sannan ya dawo ta ƙwaƙwalwa, in mun ga wani canji mu dawo da gaggawa. Mun ji da kunne, amma murna ta hana maganar shiga.

Nasiru da kansa ya cire hitar. Ya kira ni ya nuna min silin da ke samanta, ya yi baƙi ƙirin da tokar hayaƙi. Kullum muna ƙarƙashinsa, ba wanda ya taɓa ɗaga kai. Ya ce dama wutarta ja-ja take ci, ba shuɗiya kamar ta girki ba, ya ɗauka haka irinta take.

Muka samu kusan mako biyu na daɗi. Tana shayarwa, tana hira, har ta ce in koma gida yarana sun yi kewa. Ina shirin tafiya na fara ganin abubuwa. Ta shayar da Abdullahi ta ajiye, jim kaɗan ta ce yaron nan tun safe bai sha ba. Ta tsaya a tsakiyar falo da cokali a hannu, na ce me kike nema, ta dube ni kawai. Tafiyarta ta koma 'yan ƙananan taku, kamar mai tsoron santsi. Ranar da na same ta zaune a bakin gado ta jiƙa zaninta ba ta ma sani ba, jaririn yana ta tsala kuka a gefenta ko waiwayo ba ta yi, na kira Nasiru na ce ya rufe shago mu koma asibiti.

Wannan kwanciyar ta biyu ita ce doguwa. Aka ce sai an ɗauki hoton ƙwaƙwalwa, na'urar asibitin kuma ta lalace, sai a wani wuri na kuɗi. Nasiru ya sayar da kekensa na aikin wuyan riga, wanda shi ne ƙarfin shagon. Hoton ya nuna abin da likitar ta ji tsoro. Na tambaye ta ko za ta warke. Ba ta yi min ƙarya ba. Ta ce wasu suna dawowa sosai, wasu rabi, ba ta da ikon cewa ga inda Sa'a za ta tsaya.

Ta daina magana gaba ɗaya. Ni ke ba ta abinci a baki, ni ke juya ta, ni ke wanke ta. Nono ya ƙafe, aka koma ba Abdullahi madarar gwangwani, ina goye da shi ina jinyar uwarsa. A gadon da ke kusa da namu akwai wata mata daga Anguwan Rukuba, Maman Dachung, tana jinyar 'yarta da mota ta buge. Ta ga na wuni ban sa komai a baki ba, ta turo min kwanon gwate.

"Sista, ka ci abinci. In ka faɗi, wa zai riƙe su biyu? Kawo yaron, ni zan goya shi."

Ta goya shi ta yi ta zagaya baranda da shi har ya yi barci. Tun daga ranar, in zan shiga wanke Sa'a ita ke karɓarsa. Ran Lahadi matan cocinsu suka zo duba 'yarta, ta ce su yi wa ƙanwata addu'a ita ma, suka tambaye ni ko na yarda, na ce na gode. An sallame su kafin mu, ta bar min fulas ɗinta.

Dangi ba su daina ba. Masu cewa a cire ta daga asibiti a kai ta wajen mai magani a ƙauye, masu cewa ai dama sun faɗa iska ce. Wani kawunmu ya dubi Nasiru a gaban mutane ya ce son a sani ne ya sa shi sayo abin da bai san kansa ba. Shi dai Nasiru, kullum bayan ya tashi daga kasuwa zai zo ya zauna a gefen gadon, ya riƙe yatsunta yana miƙar da su ɗaya bayan ɗaya yadda masu gashin ƙashi suka koya masa. Gwaggo kuwa ba ta sake zama daidai ba. Ta rage cin abinci, ko an yi mata magana sai ta ce, "Ni na ce a toshe." Na gaya mata dukanmu muka toshe. Ba ta kai azumin da ya biyo baya ba, Allah ya jiƙanta.

Da aka sallame mu na taho da Sa'a da yaron Kuru, don Nasiru ba zai iya kasuwa da jinya ba. Yana zuwa duk Juma'a. A hankali magana ta fara dawowa, kalma ɗaya, sannan biyu. Yanzu tana tafiya da kanta in akwai bango kusa, tana sallah a zaune, ta san mu duka. Amma hannunta na rawa, ba ta iya ɗaukar yaro a tsaye, kuma abin da aka yi da safe kafin yamma ya gudu.

Abin da nake roƙon duk wanda ya ji wannan shi ne, kada a sa hitar gas a cikin banɗaki ko ɗakin kwana. A kafa ta a waje inda iska ke kaɗawa, a jawo ruwan da bututu. In dole tana cikin gida, sai da bututun hayaƙi da ya fita har waje, kuma wanda ya san aikin ya haɗa. Kada a toshe taga komai sanyi. In wutar ta koma ja, ko aka ga baƙi a bango, a kashe ta. In ciwon kai yana kama mutum a wuri ɗaya yana sakinsa a waje, musamman in ku biyu ne, ku fita, ku je asibiti ku faɗi abin da kuke kunnawa. Likitar ta ce gawayi da janareto a rufaffen wuri ma haka suke, kuma akwai wata 'yar na'ura da ake liƙawa a bango mai yin ƙara in wannan iska ta taru. Ban taɓa jin labarinta ba sai da aikin gama ya gama.

Abdullahi ya fara tafiya a watan jiya. Muna zaune a tabarma da hantsi, Sa'a ta miƙa masa hannu biyu tana kiransa. Ya tako ya nufo mu, ya wuce ta gabanta, ya faɗo jikina yana dariya ya ce, "Mama."

Na juya shi da sauri na ce, "A'a, ga Mama nan. Je ka wurin Mama." Ya ƙanƙame wuyana ya ƙi.

Na yi fatan wannan ma ya shige cikin abubuwan da take mantawa. Ta daɗe tana kallonsa. Sannan ta ce, a hankali, tana neman kalmomin ɗaya bayan ɗaya, "Bar shi, Yaya. Ke ya sani. Ki koya masa ya ce min Anti. Ko wannan ya ishe ni."

Ban koya masa ba. Kullum da safe nakan zaunar da shi a cinyarta, in riƙe mata shi ta baya don kada ya zame, in nuna ta in ce Mama. Har yau bai faɗa ba.